Idan MLS za ta ƙara ƙungiyoyi biyu, wane birni ya kamata a ba?

Lamba_Goma:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da shigowar San Diego FC a 2025, gasar MLS ta Amurka da Kanada ta cika ƙungiyoyi 30 cif, alhali da goma aka fara a 1996. NFL ta ƙwallon Amurka na da 32, NHL ta wasan hoki ma 32, saboda haka ba na jin MLS za ta dawwama a 30. Tambayata ita ce, idan aka buɗe gurbi biyu, wa za a ba? Ni dai na ce Sacramento da Detroit. Hujjata ɗaya ce, suna da magoya baya a ƙasa tun kafin a yi musu alkawarin komai. Sacramento Republic tana rukuni na biyu ta kai wasan ƙarshe na US Open Cup a 2022, bayan ta yi waje da San Jose da LA Galaxy da Sporting Kansas City. Detroit City FC kuwa, magoya bayanta ne suka zuba kuɗinsu aka gyara tsohon filin Keyworth. Wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri, wai raba gurbi ake yi kamar rabon fili? Ba hawowa ake yi daga ƙasa ba?

Mai_Lissafi:
@Dan_Kurmi a'a, can ba a hawa ba a sauka. Ko ka ƙare na ƙarshe shekara goma a jere kana nan daram. FC Cincinnati ita ce kurar baya a 2019 da 2020 da 2021, ba abin da ya same ta, a 2023 kuma ta fi kowa maki. Gurbi sayensa ake yi. Kuma a tsarinsu gasar kamfani ɗaya ce, 'yan wasa da ita suke sa hannu, mai ƙungiya hannun jari ya saya a kamfanin aka ba shi izinin gudanar da kulob a birni kaza. Shi ya sa tsofaffin masu jari ne ke zama su yanke wa zai shigo, kamar yadda 'yan adashi ke duba sabon mai son shiga.

Farashin ya tafi kamar haka: Toronto dala miliyan 10 a 2007, Seattle miliyan 30, New York City FC miliyan 100, Cincinnati da Nashville miliyan 150 kowacce, St. Louis miliyan 200, Charlotte miliyan 325, San Diego miliyan 500. To Malam Lamba_Goma, kafin a yi maganar masu ganga da tuta, a nuna mana wanda zai ajiye abin da ya haura miliyan 500 a Sacramento.

Sarkin_Fili:
Nan gizo ke saƙar. Sacramento fa ba nema take ba ta samu ba, ta leƙo ce ta koma. A Oktoban 2019 aka yi taro aka sanar cewa an ba ta gurbi, har an ware wurin gina fili a tsohuwar harabar jirgin ƙasa da ake kira Railyards. A Fabrairun 2021 babban mai kuɗin, Ron Burkle, ya janye hannunsa, yana kafa hujja da halin da korona ta jefa kasuwanci. Magoya bayan suna nan, filin ƙasa yana nan, goyon bayan magajin gari yana nan. Mutum ɗaya ya fita, komai ya watse, gurbi na 30 ya tafi San Diego. Duk mai son sanin abin da ake aunawa da gaske, ya karanta wannan labarin.

Lamba_Goma:
Na san da wannan, Sarki. Amma ai yanzu sun sami sababbin masu jari, al'ummar Wilton Rancheria, 'yan asalin ƙasar, ta sayi kaso mafi girma a 2024.

Sarkin_Fili:
Haka ne, kuma filin da suka sanar a 2024 a Railyards na kujeru wajen 12,000 ne, wanda za a iya faɗaɗawa daga baya. Wannan awon USL ne, gasar rukuni na biyu da suke ciki. Dokar hukumar ƙwallon Amurka ta ce filin rukuni na ɗaya kada ya gaza kujeru 15,000, a aikace kuma sababbin filayen MLS daga 19,000 zuwa 30,000 suke. Q2 na Austin ya ɗan haura 20,000, na St. Louis 22,000 da ɗoriya, TQL na Cincinnati 26,000, Geodis Park na Nashville 30,000.

Hajiya_Mai_Alkalami:
Bari in tsara muku abin da kwamitin faɗaɗa gasar ke dubawa, don kada mu yi ta dukan taiki. Lokacin da aka buɗe neman gurbi a ƙarshen 2016, abubuwa uku aka ambata: masu jari 'yan gari masu ƙarfin aljihu, kasuwa mai tarihin zuwa kallo da kamfanonin da za su ɗauki nauyi, da cikakken shirin fili wanda ƙungiyar za ta riƙe ikonsa. Birane 12 suka miƙa takardu a ƙarshen Janairun 2017: Charlotte, Cincinnati, Detroit, Indianapolis, Nashville, Phoenix, Raleigh, Sacramento, St. Louis, San Antonio, San Diego da Tampa. A cikin su biyar ne suka shiga zuwa yau. Ku lura da Nashville. Lokacin da ta nema ba ta ma fara buga gasar ƙwararru ba, kowa na ganin ta a ƙasan jeri. Amma tana da attajiri John Ingram, majalisar birni kuma ta amince da shirin fili a Nuwamban 2017. Wata ɗaya bayan nan, a Disamba, ita aka fara ba. Sacramento da ta cika fili tun 2014 tana kallo.

Bazazzage_1:
Wato dai kuɗi ƙare magana.

Hajiya_Mai_Alkalami:
Ba kuɗi kaɗai ba, ƙanena. Detroit ta fi kowa kuɗi a zagayen nan. Dan Gilbert mai Cleveland Cavaliers da Tom Gores mai Detroit Pistons ne suka haɗu, daga baya iyalan Ford suka shigo. Abin da ya kayar da su shi ne sun watsar da shirin gina sabon fili a tsakiyar gari, suka ce za a yi wasa a Ford Field na Detroit Lions, fili rufaffe mai ciyawar roba. Suna cikin huɗun ƙarshe tare da Nashville da Cincinnati da Sacramento, amma daga nan maganarsu ta mutu.

Golan_Unguwa:
Hajiya a nan ina da ja. Idan filin NFL laifi ne, me ya sa Atlanta da Seattle da Charlotte? Atlanta United a Mercedes-Benz Stadium take wasa, rufaffe ne, ciyawar roba ce, kuma mutum 73,019 suka kalli wasan ƙarshe na 2018 a ciki. Charlotte ta tara 74,479 a wasanta na farko a gida a Maris ɗin 2022, a filin Carolina Panthers. Ashe doka ga wani ce, ga wani kuma ba doka.

Sarkin_Fili:
@Golan_Unguwa tambaya mai kyau. Bambancin yana wurin wa ke riƙe da makullin fili. Arthur Blank shi ne mai Falcons ta NFL, shi ne mai Atlanta United, kuma tun a zane aka tsara filin da ƙwallon ƙafa a rai: kujerun gefe na ƙasa suna janyewa don faɗin fili ya kai, akwai labule da ake saukewa a rufe benen sama idan ana son mutum dubu arba'in da 'yan kai kawai, wurin ya yi kamar ya cika. David Tepper ma shi ne mai Panthers da filinta da Charlotte FC. Kuɗin abinci da abin sha, kuɗin ajiye mota, ɗakunan manyan baƙi, kuɗin kamfanin da aka raɗa wa fili sunansa, duk aljihu ɗaya suke shiga.

Ɗan haya kuwa tikiti yake sayarwa ya biya mai gida, sauran ya kalla da ido. Ba shi da ikon zaɓen ranar Asabar da dare idan mai gida na da nasa taro. Ku dubi New York City FC, tun 2015 tana filin besbol na Yankees. Kafin kowane wasa sai an shimfiɗa ciyawa a kan wurin da yake ƙasa zalla, filin ƙunci gare shi, yadi 70 a faɗi, idan jadawali ya ci karo kuma a kora su Citi Field ko New Jersey. Sai 2027 ake sa ran su shiga nasu a Queens. Shekara goma sha biyu ke nan, ga kuɗin masu Manchester City a bayansu.

Golan_Unguwa:
To San Diego fa? Snapdragon Stadium na jami'ar San Diego State ne, haya suke.

Sarkin_Fili:
Haya suke, ban musa ba. Miliyan 500 tana sa a kau da kai daga wasu abubuwa. Amma filin sabo ne, 2022 aka buɗe shi, kujeru 35,000, ciyawa ta gaske, layin jirgin cikin gari yana tsayawa a bakinsa. Da ban da haka sai an jira shekaru. Ku tuna a Nuwamban 2018 masu zaɓe a San Diego sun yi watsi da shirin SoccerCity na gina filin MLS, suka zaɓi na jami'ar a kan wannan filin ƙasar dai.

Zongo_Nima:
Tun da an zo kan San Diego, akwai abin da ya shafe mu a Gana. Mai ƙungiyar, Mohamed Mansour ɗan Masar, shi ne mai makarantar Right to Dream da aka kafa a Gana a 1999, wadda ta fitar da Mohammed Kudus, ɗan Nima. Shi ne kuma mai FC Nordsjaelland ta Danmak. Abokan jarinsa su ne al'ummar Sycuan, 'yan asalin ƙasar, kuma a kan ƙasarsu aka gina sansanin horo da makarantar yara. Abin da ya sayar wa MLS ba kuɗi kaɗai ba ne, hanya ce ta samar da 'yan wasa da za a sayar Turai, ga Tijuana ta Mekziko a bakin iyaka. Birnin da zai nemi gurbi na 31 sai ya zo da wani abu irin wannan a hannu.

Dan_Kurmi:
Ikon Allah. Mu nan Pillars da ta ci kofi huɗu, ta faɗi a 2022, sai da ta je gasar 'yan dagaji ta yi gumi ta dawo a 2023. Can da kuɗinka sai ka kwana lafiya.

Bazazzage_1:
Mu ma ai ana sayen gurbi, ba dai a fili ake tallarsa ba. Gabros ce ta koma FC Ifeanyi Ubah a 2015. Bambancin shi ne nan ko ka saya, idan ka ƙare cikin huɗun ƙarshe za ka gangara.

Mai_Lissafi:
Kuma wannan gangarawar ita ce dalilin da ya sa babu mai biyan miliyan 500 a gasar da ake faɗuwa. Mu dawo kan lissafi, don akwai abin da ba a ambata ba: me tsofaffin masu jari za su samu, me za su rasa? Yarjejeniyar haska wasanni ta Apple da ta fara aiki a 2023 an ƙulla ta ne a kan dala biliyan 2.5 cikin shekara goma, wato miliyan 250 a shekara. A lissafin kan takarda, kafin a cire kuɗin ɗaukar wasanni, idan ka raba 30 kowa na da miliyan 8.3. Ka raba 32 ya koma miliyan 7.8. Kowa ya rasa kusan rabin miliyan a shekara. Amma ƙungiyoyi biyu a miliyan 500 kowacce biliyan ɗaya ke nan, ka raba 30 kowa ya tashi da miliyan 33 da ɗoriya. Shekara sittin da ɗoriya kafin asarar ta cinye ribar. Shi ya sa nake cewa za a ƙara, lokaci kawai ake jira farashi ya hau.

Hajiya_Mai_Alkalami:
Malam Mai_Lissafi, lissafinka daidai, amma irinsa ne ya kashe tsohuwar gasar NASL. Sun ga Pele ya cika filaye da New York Cosmos, suka buɗe ƙofa, a 1978 ƙungiyoyi suka kai 24, da yawa masu su ba su san ƙwallo ba kuma ba su da juriyar asara. Bayan kakar 1984 gasar ta rufe. Gani ga wane ya ishi wane. Kuɗin shiga sau ɗaya ake cin sa, ƙungiya mara ƙarfi kuwa kaya ce a wuyan kowa duk shekara, tun da kamfani ɗaya ne.

Tsohon_Alkalin_Wasa:
MLS kanta ta ɗanɗana. A Janairun 2002 ta rufe ƙungiyoyinta biyu na Florida. Tampa Bay Mutiny ba ta taɓa samun mai ita ba, gasar ce ke ciyar da ita, tana haya a filin NFL. Miami Fusion kuwa ita ta fi kowa maki a 2001, bayan 'yan watanni aka rufe ta, domin tana Fort Lauderdale, 'yan kallo ba su kai ba, mai ita ya gaji da zuba kuɗi. Cin wasa bai cece ta ba.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Chivas USA. Ta fara wasa a 2005 da tunanin cewa 'yan Mekziko da ke Los Angeles za su yi tururuwa saboda sunan Chivas ta Guadalajara. Aka manta cewa magoya bayan Club America da sauran abokan hamayya ba za su taɓa sa wannan riga ba, 'yan El Salvador da Guatemala kuma ba ruwansu. Ga ta kuma 'yar haya a filin LA Galaxy a Carson. A 2014 'yan kallo suka koma wajen dubu bakwai, aka rufe. Wannan birnin dai aka sayar wa wasu, suka gina fili nasu kusa da tsakiyar gari, LAFC ta fara a 2018, ga shi tana cika shi. Birni ɗaya, sakamako biyu. Don haka tambayar “wane birni” ita kanta rabi ce.

Lamba_Goma:
Baba alƙali na ji. Amma ba za ku raba ni da maganar magoya baya ba. Cincinnati ba ta cikin lissafin kowa a 2015. Mutane ne suka cika filin Nippert a USL, sama da dubu talatin a wasannin kofi na 2017, har hukumar ta kasa kau da kai. Orlando da Portland da Seattle da Vancouver da Montreal da Minnesota duk daga ƙasa aka ɗauko su da jama'arsu.

Mai_Lissafi:
Cincinnati tana da Carl Lindner III, ɗan gidan da ke cikin mafiya arziki a jihar Ohio. Kuma duk da cikar Nippert, an ƙi ba su a Disamban 2017, sai da suka kammala maganar filin West End sannan aka sanar a Mayun 2018. Jama'a suna sa a waiwayo ka, ba su sa hannu a takarda.

Yar_Damagaram:
Ba wanda ya ambaci Phoenix, alhali yankinta na da mutum wajen miliyan biyar, ya fi Detroit mai miliyan huɗu da ɗoriya, ya ninka Las Vegas da Sacramento da Indianapolis da kowaccensu ke tsakanin miliyan biyu da biyu da rabi. 'Yan asalin Mekziko sun yi yawa a can. Phoenix Rising ta ci kofin USL a 2023, Didier Drogba a can ya rataye takalmi kuma yana cikin masu jarinta. Idan girman kasuwa ake bi, ita ce ta farko.

Sarkin_Fili:
Zafi ne matsalar Phoenix, 'yar'uwa, kuma ba ƙarami ba. A 2023 sun yi kwana 31 a jere zafi bai sauka daga digiri 43 da rana ba, da dare ma yakan tsaya sama da 30. Hanyoyi uku ne. Ko a yi fili mai rufi da na'urar sanyaya iska, wanda zai ninka kuɗin gini, ciyawa kuma ba ta rayuwa a inuwa sai an riƙa fitar da ita. Haka ake yi a State Farm Stadium da ke Glendale, filin gaba ɗaya a kan faranti yake mai ƙafafu, ana gangaro da shi waje ya sha rana. Ko a yi buɗaɗɗen fili mai rumfa a fara wasa bayan faɗuwar rana sosai, sai dai a lokacin mutanen gabashin ƙasar sun yi barci. Ko a tsara jadawali su yi ta wasan waje a watannin zafi, sai ƙungiya ta yi wata biyu ba ta ga gida ba. Ga kuma masu zaɓe: a Mayun 2023 mutanen Tempe da ke gefen Phoenix sun ƙi amincewa da filin Arizona Coyotes ta NHL, a 2024 ƙungiyar ta tattara ta koma Utah.

Yar_Damagaram:
Ai kuwa sauyin kalanda zai taimake ta. An amince a Nuwamban 2025 cewa daga 2027 kaka za ta riƙa farawa a tsakiyar Yuli ta ƙare a Mayu, kamar Turai, da hutun sanyi daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu. Yuni ya fita ke nan. Saura Yuli da Agusta da farkon Satumba a yi dabara. A Nuwamba da Fabrairu da Maris kuwa, biranen zafi su ne za su riƙe jadawali.

Golan_Unguwa:
Wannan kuma ya zama cikas ga Detroit ɗin Lamba_Goma. Buɗaɗɗen fili a Michigan a watan Fabrairu sai an binne bututun ɗumama ƙasa a ƙarƙashin ciyawa kamar na Allianz Field a Minnesota, kuma wannan ciyawa yake ceta, ba mutane ba. A filin nan ne Amurka ta kara da Honduras ranar 2 ga Fabrairun 2022 cikin sanyi kusan digiri 15 ƙasa da sifili, aka cire 'yan Honduras biyu a hutun rabin lokaci saboda sanyi ya kama su. Abin dariya, Ford Field ɗin da aka ƙi a 2017 yanzu shi ne ya dace da sabuwar kalanda.

Bazazzage_1:
Las Vegas fa? Kowa can yake gudu, Raiders sun koma, Golden Knights suna can.

Hajiya_Mai_Alkalami:
Vegas ta kusa. A farkon 2022 MLS ta shiga tattaunawa ta keɓe da Wes Edens da Nassef Sawiris, masu Aston Villa. Maganar ta tsaya ne a kan fili, domin zafinta ɗan'uwan na Phoenix ne, sai mai rufi. Abin da nake tsoro da Vegas daban ne. NFL wasa takwas ko tara take yi a gida, baƙi masu yawon buɗe ido za su iya cika shi. MLS wasa 17 ne a gida a kakar lig, wasu a tsakiyar mako. Wannan sai 'yan gari masu tikitin kaka, kuma kaso mai yawa na ma'aikatan garin a otal da gidajen caca suke, daren Asabar shi ne lokacin aikinsu.

Tsohon_Alkalin_Wasa:
A ƙara da inda aka dasa filin a cikin birnin. Darasin shekarun 2000 ke nan, lokacin da aka bi ƙasa mai araha a bayan gari: Dallas a Frisco, Colorado a Commerce City, Chicago a Bridgeview. Chicago Fire ta shiga Bridgeview a 2006, babu jirgin cikin gari da ke kaiwa ƙofa, matasan da ba su da mota suka daina zuwa. Sai da ta biya sama da dala miliyan 60 ta warware hayar ta koma Soldier Field a 2020. Duk birnin da ya kawo zane mai kyau, a fara tambayarsa minti nawa ne a ƙafa daga tashar jirgi ko bas, kuma takardar filin tana hannun wa.

Dan_Kurmi:
To Miami da Beckham fa? Su ma ai a Fort Lauderdale suka fara.

Mai_Lissafi:
Wannan daban ne. Kwantiraginsa da LA Galaxy a 2007 ya ba shi damar sayen gurbi a dala miliyan 25. Ya sanar a 2014, neman fili ya ci shekaru, ba su buga ba sai 2020. Ba don Messi ya zo a 2023 ba da wani labarin ake yi. Kada a yi awo da su.

Zongo_Nima:
Akwai maganar maƙwabtaka da ban ga an taɓa ba. Kusanci wani lokaci alheri ne: Seattle da Portland kilomita 280 ne tsakani, hamayyarsu tun 1975, kuma ita ce ta fi kowacce zafi a gasar. Masu tuna lokacin Obafemi Martins a Seattle da Fanendo Adi a Portland sun san abin da nake nufi. Wani lokaci kuma kusanci kisa ne. San Antonio ta nema a 2017 da masu Spurs ta ƙwallon kwando a bayanta, gundumar ta sa kuɗi an sayi Toyota Field saboda wannan buri. Sai ga Austin, kilomita 130 kacal, wadda ba ta ma cikin birane 12 ɗin, ta samu ta bayan gida. Anthony Precourt ya so ya kwashe Columbus Crew zuwa can a 2017, magoya baya suka tashi, jihar Ohio ta kai ƙara, iyalan Haslam da Edwards suka karɓi Crew, shi kuma aka ba shi sabon gurbi a Austin. San Antonio ta tashi a tutar babu, Texas kuma ta riga ta sami uku. Kalifoniya tana da huɗu yanzu, wannan ma ba zai taimaki Sacramento ba.

Lamba_Goma:
Kai jama'a, kun kashe min Sacramento kun kashe min Detroit. To ku faɗi naku mana.

Yar_Damagaram:
Phoenix da Detroit, saboda girman kasuwa. Ɗaya Yamma ɗaya Gabas, 16 da 16.

Sarkin_Fili:
Ni Indianapolis nake sa wa ido, ba don ta fi cancanta ba. A Afrilun 2024 magajin gari Joe Hogsett ya fito ya ce birnin zai nemi MLS, aka ware wuri a tsakiyar gari kusa da filin Pacers ta ƙwallon kwando, kuma akwai dokar jiha da ta ba da damar tara harajin yankin a biya ginin fili. Sun fara da abin da ya fi wuya. Illar ita ce a kan haka aka juya wa Indy Eleven baya tare da shirin filinta, wato ƙungiyar da ta tara magoya bayan tun 2014. Kuma Cincinnati da Columbus da Chicago da St. Louis da Nashville duk sun kewaye ta.

Hajiya_Mai_Alkalami:
St. Louis ta nuna cewa faɗuwa a zagaye ɗaya ba ƙarshe ba ne. A Afrilun 2017 masu zaɓe suka ƙi ba da dala miliyan 60 na gina fili, kowa ya ce shi ke nan. Iyalan Taylor masu kamfanin hayar motoci na Enterprise suka dawo da shirin da za su biya ginin da kansu, aka ba su a Agustan 2019. Don haka Lamba_Goma kada ka binne Sacramento tukuna.

Golan_Unguwa:
Kuma wa ya ce sai MLS? USL ta sanar a 2025 cewa za ta kafa nata rukuni na ɗaya, masu ƙungiyoyinta kuma sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da hawa da sauka. Sharuɗɗan hukuma a bayyane suke: ƙungiyoyi 12 aƙalla, a bazu a shiyyoyin lokaci uku, kashi 75 cikin ɗari a biranen da suka kai mutum miliyan ɗaya, fili mai kujeru 15,000, babban mai jari ya mallaki dukiyar dala miliyan 40. Filin da Detroit City ke shirin ginawa kusa da unguwar Corktown kujeru 15,000 ne daidai. Ba na jin dace ne kawai.

Mai_Lissafi:
Idan haka ta tabbata, MLS za ta iya gaggauta kama Phoenix ko Detroit don kada a riga ta. Ko kuma ba sabon gurbi za a buɗe ba sam. An sa Vancouver Whitecaps a kasuwa tun Disamban 2024, kuma haya take a BC Place. Mai kuɗin Vegas zai iya ganin sayen tsohuwa ya kwashe ta zuwa can ya fi masa araha, kamar yadda San Jose ta koma Houston a 2006.

Dan_Kurmi:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan an ba birni gurbi, 'yan wasan daga ina suke zuwa?

Tsohon_Alkalin_Wasa:
Ana yin zaɓe na musamman. Kowace tsohuwar ƙungiya ta kare 'yan wasa 12, sabuwar ta ɗauki biyar a cikin ragowar, ba fiye da ɗaya daga kulob ɗaya ba. Ana ba ta zaɓin farko a cikin 'yan jami'a, da ƙarin kuɗin cefane daga asusun gasar, sai manyan 'yan wasa har uku da albashinsu ba ya shiga ƙayyadadden kasafi gaba ɗaya. Biyar ɗin nan yawanci 'yan benci ne, wasu ma a ranar ake sayar da su. Aikin gaske yana wurin ɗaukar daraktan wasanni da wuri. St. Louis ta ɗauki Lutz Pfannenstiel tun 2020, ta kafa ƙaramar ƙungiya ta buga kaka guda a 2022, shi ya sa ta ci wasanni biyar na farko a 2023 ta ƙare a saman teburin Yamma.

Lamba_Goma:
Na sauke Detroit na ɗauki Phoenix, amma Sacramento ina nan a kanta. @Sarkin_Fili, filin Railyards ɗin nan, idan an tashi faɗaɗa shi daga 12,000 zuwa 20,000, sai an rushe wani ɓangare ne ko tun a harsashi ake barin wurin benen sama?